Kula da kayan adon kakin zuma a ƙasar zafi da ƙura

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Bara warhaka yayata da ke aure a Jamus ta kawo mini tsarabar kayan ado guda 12 na kakin zuma, aikin hannu, ta ce a kasuwar Kirsimeti ta Nurembag ta saye su. Akwai taurari da tsuntsaye da furanni, kowanne da zaren ratayewa, 3 daga ciki an yi musu fenti. Na rataye su a falona a nan Kano. Yanzu duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, ƙura ta cika zanen, tauraro ɗaya ya lanƙwashe, wani tsuntsu kuma ya faɗo fiffikensa ya ɓalle. Fumfuna ce ta kama su? In wanke su da sabulu ne, ko in sa su a firij?"

Barka kadai, Malama. Matsala huɗu kika kawo, kuma ba tushensu ɗaya ba: farin da ya rufe su, ƙurar da ta shige zane, lanƙwasa, da karaya. Farin nan da ya fi ɗaga miki hankali shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Tauraron da ya lanƙwashe shi ne nake so ki fi dubawa, domin abin da ya same shi yana kan hanyar samun sauran. Kafin mu je ko'ina, ki dakata da sabulu, ki dakata da firij.

Wannan sana'a tushenta kudancin Jamus ne da Ostiriya. A da can, mai gasa wainar zumar da suke kira Lebkuchen shi ne kuma mai yin kyandir, saboda zuma da kaki tare suke zuwa masa daga hannun masu kiwon ƙudan zuma. Mazubin itacen da aka sassaƙa don buga zane a jikin wainar, shi ake zuba wa narkakken kaki a fitar da abin ratayewa. Shi ya sa za ki ga yawancinsu gaba ne kawai da zane, bayan kuwa a shafe yake. A can makonni kaɗan suke yi a rataye, cikin tsananin sanyi, sannan a naɗe su a mayar akwati sai wata shekara. Naki kuwa sun ci hunturu, sun ci bazarar Kano, sun ci damina, duk a kan zare.

Halin kakin shi kansa

Ƙudan zuma ma'aikata ke fitar da kaki daga ƙarƙashin cikinsu, fari tas. Launin rawaya da ƙamshi daga baya suke shigarsa, daga garin furanni da danƙon da ƙudan ke toshe kafofin amya da shi. Zafin cikin amya yana kai wa wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma a wannan zafin ne kakin ke da taushin da za su iya murɗa shi da baki su gina saƙa. Ba ya zama ruwa sai ya kai digiri 62 zuwa 64. Mutane sukan ji wannan adadi su saki jiki, su ce ai garinmu bai taɓa kai 60 ba. To tun daga 35 ya fara laushi, a 40 kuwa, wanda Kano ke kaiwa a watan Afrilu da Mayu, nauyinsa kaɗai ya isa ya ja shi. Ba a gani da ido. Kullum da rana ya ɗan saki, da dare ya daskare a sabon yanayin, gobe ya ƙara. Haka tauraronki ya lanƙwashe, kuma in kin duba wurin da zaren ya shiga jikin sauran, za ki iya tarar da ya fara yanka kakin yana hawowa sama.

Sanyi kuma akasin haka yake yi masa. Da asubahin hunturu kaki kan yi tauri ya rasa danƙonsa, in ya faɗi a kan tayil sai ya tsage kamar busasshen sabulu. Tsuntsun da ya faɗo, mai yiwuwa bazara ce ta sassauta zarensa, sanyi ya ƙarasa shi.

Ban da waɗannan biyun, kaki abu ne mai jure zamani ƙwarai. Ruwa ba ya jiƙa shi, ba ya ruɓewa, ba ya tsami. Hotunan fuskokin mutane da aka zana da fentin kakin zuma a yankin Fayyum na Masar sun kusa shekara 2,000, har yau launinsu na nan.

Farin da ya rufe su

Kakin zuma gauraye ne na sinadarai masu yawa, wasu sun fi wasu saurin narkewa. Masu laushin cikinsu kan tsattsafo saman jiki a hankali su daskare, su zama wani farin gari mai kama da wanda ake gani a fatar inabi. Ya fi fitowa idan gari ya yi sanyi, ko ana sauyi tsakanin zafi da sanyi, shi ya sa kika gan shi yanzu da hunturu. Ba ya cin kakin, ba ya rage masa ƙarfi. Masu sana'ar ma alamar kaki mai kyau suke ɗaukarsa, domin farafin, wato kakin kyandir na kasuwa, bai cika yin sa ba. Wasu har barinsa suke yi saboda yana fito da zane.

Ga yadda za ki tantance. Ɗora yatsa a bayan ɗaya, ki riƙe kamar daƙiƙa 20, ki ɗan murza. In farin ya ɓace, launin zuma ya dawo da sheƙi, kuma ƙamshin zuma kika ji, to garin kaki ne. Fumfuna ba ta shimfiɗuwa bai ɗaya haka. Ɗigo-ɗigo take fitowa, da ɗan gashi-gashi, takan yi kore ko baƙi, tana warin rima, kuma yawanci daga zare take farawa ko daga lungun da ƙura ta taru ta sha danshin damina. In ita ce, a cire zaren a sa sabo, a wanke kakin yadda zan faɗa a ƙasa, a bar shi ya sha iska a inuwa.

Cire garin ba wuya, amma sai an fara kawar da ƙura. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a kayan da ake kawowa gyara: an ɗauki tsumma an goge kakin da ƙurarsa. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. In aka murza ta a kan kaki, rabi ta kankare fuskar, rabi ta nutse ciki, daga nan kuma ba mai fitar da ita sai an cire fatar kakin.

Ƙura

Ki yi aikin da safe, lokacin da kakin ke da tauri, kada ki yi da rana yana laushi. Wanke hannu ki busar, ki shimfiɗa tawul a kan tebur don ko wani ya suɓuce. Riƙe shi ta gefe, kada ki daɗe kina damƙe da shi, domin ɗumin hannu kan bar shatin yatsa. Samo burushin kwalliya sabo, irin babban nan mai laushi na shafa hoda, ki share daga sama zuwa ƙasa. Lungunan zane kuma ƙaramin burushin masu zane ya fi shiga. Burushin haƙori yana da kaushi, yana barin layuka.

In burushi bai fitar da ita duka ba, waɗanda ba su da fenti za su iya shiga ruwa. Ruwan randa ko na famfo da bai sha rana ba, lita 1, da ɗigo 2 na sabulun ruwa na wanke-wanke. Kada ki jiƙa su ki tafi. Tsoma ɗaya, ki bi lungunan da burushin a cikin ruwan kamar minti 1, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki danna tawul a hankali ya tsotse ruwan, ki bar shi a inuwa ya kwana. Garin sabulun wanki ba na nan ba ne, yana da kaushi kuma yana dusar da fuskar.

Bayan ya bushe sai a zo kan farin. Tsohon kyallen auduga mai laushi da ya sha wanki, ko safar mata ta nailan, ki riƙa shafawa a hankali a zagaye. Ɗumin shafar kaɗai ya isa ya mayar da garin cikin kakin. Inda kyalle ba ya kaiwa, na'urar busar da gashi za ta yi, a mafi ƙarancin zafinta, daga nisan santimita 30, ana kaɗa ta ba a tsayar da ita wuri ɗaya ba. Daƙiƙa 5 zuwa 10 sun isa. Da kin ga launi ya dawo ki janye. In fuskar ta fara ƙyalli kamar ta jiƙe, an wuce gona da iri, bakin zane ya fara narkewa ke nan. Ki sani farin zai dawo bayan wasu watanni, kuma duk gogewa tana ɗan rage kaifin zane, don haka sau 1 ko 2 a shekara ya wadatar.

Masu fentin nan 3 hukuncinsu daban. Fenti a kan kaki zama kawai yake yi, bai shiga ciki ba, shi ya sa ruwa da murza ke ɗaga shi. Burushi busasshe kaɗai za su gani. Haka duk wanda aka shafa wa garin zinariya ko garin kirfa.

Akwai abubuwan da ba a kusantar da su ko kaɗan: kananzir, fetur, tina ta masu fenti, da ruwan goge jan farce. Wasunsu narkar da kaki suke yi, wasu su cinye fenti su bar tabo. Man zaitun, man shafawa da basilin kan ba shi sheƙi na kwana ɗaya, sannan su tausasa fuskar ta zama tarkon ƙura. Turaren fesawa ma haka. In ƙamshin zumar ya ragu, ɗan ɗumin na'urar nan kan tashe shi.

Inda za su zauna

A ganina, a Kano watannin ratayewa daga Nuwamba ne zuwa tsakiyar Fabrairu, sai kuma tsakiyar damina in ɗakin na da sanyi. Da zarar zafi ya fara shigowa a Maris, a sauke su duka su kwanta. Ko a lokacin ratayewar, a nisanta su daga taga. Rana na ɗumama su, tana kuma kashe launi, domin da ma shanya kaki a rana ita ce tsohuwar hanyar mayar da shi fari. A nisanta su daga bayan talabijin, saman firij, da ƙwan lantarki irin na da mai zafi. Ƙwan zamani marar zafi ba shi da matsala in akwai ɗan rata. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro yana manne wa kaki ya bar dauɗa mai maiƙo da burushi ba ya cirewa, kuma kaki na shan wari. In kina turara falo kullum, kabad mai gilashi ya fi musu, a kwance a kan farin kyalle. Kabad ɗin zai raba ki da rabin aikin ƙura ma.

Wajen ajiya, kowanne a naɗe shi shi kaɗai. Farar takarda mai laushi ko takardar gashin kek ta fi, sai farin kyallen auduga wankakke. Jarida na barin tawada. Leda na mannewa ta buga shatin tattararta a fuska, mai ƙurajen iska kuwa da'ira-da'ira take bugawa. Audugar asibiti zarenta na kama kakin in ya yi laushi. Masu launi, musamman ja, kada su taɓa masu haske, domin rini na ƙaura daga kaki zuwa kaki. A kwantar da su a kan shafaffen bayansu cikin kwali mai ƙarfi ko roba mai murfi, hawa 2 kawai, da faifan kwali a tsakani. Kada a jefa ƙwayar kafur a ciki, warinta ba ya fita.

Akwatin ƙasa zai zauna, ba saman kabad ba. A ɗaki mai rufin kwano zafi sama yake taruwa, bambancin da ke tsakanin daɓe da kusa da silin ba kaɗan ba ne. Ƙarƙashin gado a ɗakin da bangonsa ba ya kallon yamma ya yi. Dabarar da na fi ba mutane ita ce a sa akwatin cikin babbar kular abinci wadda ba komai a ciki, a rufe. Kula ba ta sanyaya komai, amma tana hana zafin tsakar rana shiga da sauri, kafin ya ratsa ta yamma ta yi. Murfi mai kamawa yana kuma tsare su daga ɓera, wanda kan gwagwiyi kaki, da kyankyaso da tururuwa waɗanda ƙamshin zuma ke jawowa. Asun da ke addabar masu amya ya fi son tsohuwar saƙa mai datti, tataccen kaki bai cika damunsa ba.

Mota kuwa ita ce babbar makasa. Motar da aka kulle a rana, gaban gilashinta na iya wuce zafin narkewar kaki. In za ki yi tafiya da su, su zauna a kular nan, a ƙasan kujera.

Batun firij

Ɓangaren ƙanƙara a'a, kwata-kwata. Kaki na tsukewa da sanyi, fenti da zare ba sa tsukewa daidai da shi, sai tsaga ta fito. Ɓangaren ƙasa na kayan miya zai iya zama mafaka a makonnin da zafi ya fi tsanani, amma da sharaɗi. Roba ta rufu sosai, saboda wari da danshi. In an fito da ita, a bar ta a rufe awa 2 zuwa 3 kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a jikin robar maimakon jikin fenti. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, firij na sanyi yana hucewa sau da yawa a yini, wannan hawa da saukar kuma shi ne abin da kaki ya fi ƙi. In wutarku ba ta tsayawa, kula a ƙarƙashin gado ta fi.

Miƙar da tauraron

In ba shi da fenti, yana gyaruwa. Haɗa kofi 1 na tafasasshen ruwa da kofi 3 na ruwan famfo, zai ba ki wajen digiri 40 zuwa 46, ɗumin da hannu ke zama a ciki ba damuwa. Sa tauraron. Kaki na yawo a saman ruwa, don haka ki riƙa juya shi ko ki ɗan danne shi da cokali. Bayan minti 5 zuwa 10, gwada shi da yatsa. In yana bin hannu ba gardama, ya yi. Fito da shi, ki kwantar da shafaffen bayan a kan tayil ko gilashi da aka shimfiɗa wa takardar kek, ki ɗora kyalle mai laushi ninki 4 a kan zanen, sannan ƙaramin littafi. Bar shi ya huce da kansa har washegari. In yana turjiya kada ki tilasta, mayar da shi ruwan. Ciki kan fi waje jinkirin ɗumama, kuma a nan ne ake karya su: sama ta yi laushi, a ɗauka an gama, a danna, tsakiya ta tsage.

Haɗa fiffiken

Gam ba ya kama kaki da kyau, har da mai saurin kamun nan na kwalba. Kaki da kaki ake haɗa shi. Fara gwada ɓangarorin biyu a bushe ki ga yadda bakinsu ke zama, kada ki goge bakin karayar. Tsoma bakin siririyar wuƙa a tafasasshen ruwa, ki goge ruwan. Ban son a gasa wuƙar a harshen wuta, saboda tana ɗaukar baƙin hayaƙi ta bar baƙin layi a mahaɗar har abada. Kusanto da ɓangarorin, ki ratsa wuƙar tsakaninsu ta taɓa duka biyun lokaci guda, ki zare, ki haɗa nan take, ki riƙe kamar minti 1. Daƙiƙa 2 ko 3 kawai kike da su kafin bakin ya daskare, don haka ki gwada hannunki a kan guntun kaki tukuna.

Sai ƙarfafawa ta baya. Samo ɗan kakin zuma tatacce wajen masu zuma, kamar girman goro, ki sa a gwangwani, ki ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta, domin yana ƙonewa ya yi duhu tun daga wajen digiri 85, in ya yi nisa kuma ya kama da wuta. In hakan ta faru murfi ake rufawa, ba a zuba ruwa. Da tsinken sakace ki ɗiga narkakken kakin a kan layin karayar ta baya. In fiffiken siriri ne, kwantar da ɗan guntun zaren auduga ya ƙetare layin, ki rufe shi da kaki. In ya huce, ki daidaita da bayan cokali mai ɗumi. Zaren ratayewa da ya fita ma haka ake mayar da shi: a yi masa gurbi da allura mai ɗumi ta baya, zurfin santimita 1, a ƙulla bakin zaren don ya sami abin riƙewa, a kwantar, a cike da kaki. Kirtani mai ɗan faɗi ya fi zaren ɗinki ko na roba, domin siririn zare shi ke yanka.

Inda gyaran gida ya tsaya

Duk yadda aka ƙware, layin karaya zai ɗan nuna in an ɗaga shi a haske. Launin da rana ta cinye ba ya dawowa. Zanen da ya narke ya shafe ba ya tashi, sai dai a narkar da kakin a sake zuba shi, wannan kuma sai da mazubi. Mai fenti da ya lanƙwashe, miƙar da shi zai tsattsaga fentin, gara a kwantar da shi a bar shi yadda yake.

Duk ma'aunan da na bayar na kakin zuma zalla ne. Wasu masu yi kan gauraya shi da farafin ko kakin waken suya, waɗanda wasu nau'o'insu ke narkewa tun ƙasa da digiri 55, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Farin da naki suka yi alama ce mai kyau, amma duk da haka ki fara kowane aiki da bayan guda ɗaya. Kankaro ɗan ƙanƙani kamar ƙwayar gero ki murza tsakanin yatsu. Na zuma zai yi laushi ya dunƙule da ɗan danƙo. In ya marmashe, ko ya bar santsin mai a yatsa, gauraye ne, sai ki ƙara kofi 1 na ruwan sanyi a haɗin miƙarwar, ki kuma ƙara nisan na'urar busar da gashin.